Idan Rumbun Bayanai Ya Ƙi Buɗuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin asibiti, ko ofishin rajistar makaranta, ko banki, aka ce masa ya yi haƙuri kwamfuta ta ƙi, alhali ga wuta, ga ma'aikata a zaune, ga kwamfutocinsu a kunne, to mai yiwuwa ne wadda ta ƙi ɗin tana can a wani ɗaki mai sanyi wanda bai taɓa shiga ba. Ita ce ma'abota sana'ar ke kira saba, watau babbar kwamfutar da sauran ke ɗebo bayani daga gare ta, kuma a cikinta ne rumbun bayanai yake, inda aka tara sunayen marasa lafiya da magungunan da aka rubuta musu, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara da shekaru, ko lissafin bashi da ajiya. Daga cikin lokutan da wannan rumbu ya fi ƙin buɗuwa kuwa, babu kamar safiyar da ta biyo bayan sabunta manhajar sabar, aikin da galibi akan yi da dare ko ranar hutu bisa kyakkyawar niyya, sai a wayi gari manhajar tana tashi tana faɗuwa, ba ta bar komai ba sai 'yan layukan saƙo waɗanda ba kowa ke fahimtarsu ba.

Ra'ayina a kan wannan mas'ala shi ne, da yawa daga cikin fayilolin da ake cewa sun lalace a irin wannan safiya lafiyarsu ƙalau a lokacin da aka iske su, kuma ɓarnar da ba ta gyaruwa, idan ta auku, takan auku ne a sa'a ɗaya ko biyu na farko, a hannun mai gyaran da tsoro ya kama, shugabansa na tsaye a kansa, wayarsa na ta ƙara. Saboda haka abin ya shafi shugaban makaranta da akawun asibiti kamar yadda ya shafi injiniya, domin matsin da suke yi masa yana daga cikin sabubban hasarar.

Kafin a gane dalili, wajibi ne a san yadda rumbun yake a baɗini. Bari mu ɗauki MySQL, manhajar da Michael Widenius da David Axmark da abokan aikinsu suka fitar a ƙasar Suwidin a 1995, wadda ta koma hannun kamfanin Sun a 2008, sa'an nan ta faɗa hannun Oracle a 2010, kuma wadda a kanta, ko a kan 'yar'uwarta MariaDB, shafukan WordPress da manhajar laburare ta Koha da manhajar asibiti ta OpenMRS suke ajiye bayanansu. Tun daga zubi na 5.5, injin da ke tsare mata bayanai bisa asali shi ne InnoDB, wanda wani masani ɗan ƙasar Finlan, Heikki Tuuri, ya ƙago. Wannan inji yana yanka kowane fayil zuwa shafuka masu girma ɗaya, kowane shafi bayit 16,384, kuma kowane shafi yana ɗauke da lambarsa, da lambar wanda ya gabace shi, da ta wanda ke biye da shi. Wanda ya san littattafan malamanmu na dauri, waɗanda ba a ɗinke su, sai dai a tara warƙoƙin a cikin tadarishi a sa a gafaka, marubuci kuma ya rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabata domin ko iska ta watsa su a iya mayar da kowace gurbinta, to ya riga ya fahimci tsarin, ya kuma fahimci abin da ya sa ɓacewar warƙa ɗaya daga tsakiya ke iya yanke wa mai karatu hanya ko da sauran duk suna nan. Bayan haka akwai hatimi na lissafi a kan kowane shafi, lambar da ake fitarwa daga abin da shafin ya ƙunsa, ta yadda idan harafi ɗaya ya canza ba bisa ƙa'ida ba, hatimin zai saɓa da nassin, injin kuma ya ƙi amincewa da shafin.

Akwai kuma wani fayil dabam wanda shi ne jigon maganarmu, ina nufin daftarin niyya. Da yake rubutu a kan faifai yana da nauyi, injin ba ya komawa ga shafukan a duk lokacin da aka canza wani abu. Yakan fara rubuta canjin a daftari, ya riƙe shafin da aka canza a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ya sami sarari ya sauke shi a faifai. Idan wuta ta ɗauke a tsakani, to da an kunna sabar zai buɗe daftarin, ya cika abin da aka riga aka ƙulla, ya warware abin da aka fara ba a gama ba, domin kada a cire kuɗi daga asusun wani ba tare da sun shiga asusun ɗayan ba. Ma'anar wannan ita ce, rumbun da aka kashe shi ba shiri rumbu ne wanda wani sashe na gaskiyarsa ke cikin shafuka, wani sashen kuma ke cikin daftari, kuma babu ɗayansu da ya isa hujja shi kaɗai.

To, me ke kai mutane ga sabuntawa, tun da tana da wannan haɗari? Tilas ce. Kamfanin Oracle ya daina toshe kafofin tsaro na zubi na 5.7 a watan Oktoba na 2023, kuma barin bayanan jama'a a kan manhajar da aka daina kula da ita sakaci ne da amana. Sai dai zubi na 8.0, wanda ya fito a watan Afrilu na 2018, ya zo da canji babba: bayanin siffar kowane jadawali, wanda a da ake ajiyewa a ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .frm, an kwashe shi an mayar cikin ƙamus guda a cikin rumbun kansa. Daga ranar da sabon zubi ya gama wannan juyi, tsohon ba zai sake iya buɗe fayilolin ba, kuma masu manhajar sun faɗi haka ƙarara. Haka nan ba a tsallake: mai zubi na 5.6 sai ya bi ta 5.7 kafin ya kai 8.0. Kuma idan tsohon zubi bai mutu mutuwar lafiya ba, watau an kashe shi da ƙarfi ko wuta ta yanke shi, sabon zai tarar da daftarin niyya da ba a gama aiki da shi ba, rubutacce bisa tsohon salo, sai ya ƙi tashi, kuma ƙin nan nasa daidai ne, domin ya gwammace ya tsaya da ya yi fassarar abin da bai tabbatar ba. Wani lokaci ma abin bai kai nan ba: layi ɗaya ne ya rage a fayil ɗin saituna, alal misali query_cache_size wanda aka soke a 8.0, ko izinin fayilolin ne ya sauya wajen kwashe su, ko faifan ne ya cika. A duk waɗannan babu ko harafi ɗaya na bayanan da ya taɓu.

Abin da ya wajaba a fara yi ba ya bukatar wani zurfin ilimi, sai dai yana bukatar natsuwa, wadda ita ce ta fi ƙaranci a irin wannan lokaci. A tsayar da manhajar, a hana ta sake yunƙurin tashi da kanta, sa'an nan a kwafe babbar jakar bayanan gaba ɗaya, da shafuka da daftari da saituna, zuwa wani faifai dabam, a ajiye wannan kwafi kada a taɓa shi, a yi duk wani gwaji a kan kwafi na biyu. Idan akwai alamar faifan ne ke mutuwa, akwai manhajar ddrescue wadda ke fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi kafin ta koma kan masu wuya. Wannan kwafi na iya cin sa'o'i idan rumbun babba ne, kuma a cikin sa'o'in nan ne shugaba zai ce a bar ɓata lokaci. Ni kuwa ina ganin babu sa'o'in da suka fi su amfani a duk aikin, domin bayansu kowane kuskure yana da makoma. Sai a buɗe rajistar kurakurai a karanta daga farkon inda matsalar ta soma, domin layin ƙarshe galibi sakamako ne kawai, illar tana can sama.

A nan ne ya kamata a yi hattara da wata fatawa da ta yaɗu a tsakanin masu gyara, cewa idan InnoDB ya ƙi tashi a goge fayilolin ib_logfile ko ma ibdata1, zai ƙago sababbi ya tashi. Lalle yakan tashi. Amma na farkon shi ne daftarin niyyar da muka ambata, kuma goge shi bayan faɗuwa yana nufin zubar da canje-canjen da ba su riga sun isa shafuka ba, a bar rumbun da sashensa ke gaba sashensa ke baya; na biyun kuwa a zubi na 5.7 yana ɗauke da ƙamus ɗin da injin ke gane jadawalai da shi, da bayanan warware ayyukan da ba a gama ba, kuma wanda ya goge shi zai ga sunayen jadawalansa a jere amma manhajar na ce masa babu su. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Hanyar da ta dace, idan daftari ne ya hana, ita ce a girka tsohon zubin, daidai lambarsa, a kan wata kwamfuta, a ba shi kwafin, a bar shi ya karanta daftarinsa ya daidaita shafukansa, a kashe shi a hankali bayan an mayar da saitin innodb_fast_shutdown sifiri domin ya gama duk abin da ke hannunsa, sa'an nan a sake sabuntawar. Wanda ya fi son kwanciyar hankali sai ya fitar da bayanan duka da mysqldump su zama rubutu zalla, ya zuba su a sabon rumbu wanda aka gina daga tushe.

Akwai kuma lalacewa ta haƙiƙa, kuma a ƙasashenmu, inda ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta al'amari ne na kullum, ba baƙuwa ba ce. Faifai yana rubutu ne gutsure-gutsure, bayit 512 ko 4,096 a lokaci guda, saboda haka wuta na iya yankewa an rubuta rabin shafi, rabinsa sabo rabinsa tsoho. InnoDB yana da kariya daga wannan, domin yakan rubuta shafi sau biyu a wurare biyu, amma kariyar ba ta aiki idan an kashe ta don neman sauri, ko idan faifan ya shaida cewa ya rubuta alhali bai rubuta ba. Irin wannan shafi na iya kwana shekaru ba wanda ya neme shi, sabili da yana ɗauke da tsohon lissafin da aka daina dubawa, sai ranar da sabuntawa ta tilasta a buɗe jadawalin ko a sake gina shi sa'an nan aibin ya bayyana, a ɗora wa sabuntawar laifin da ya girme ta.

Idan jadawalin na tsohon injin MyISAM ne, wanda ke raba bayanai a fayil guda da fihirisa a wani, gyaran yana da sauƙi: umarnin REPAIR TABLE ko manhajar myisamchk sukan bi fayil ɗin bayanan su sake gina fihirisar, su watsar da layukan da ba su karantu ba. InnoDB ba ya karɓar wannan umarni. Abin da yake da shi shi ne wani saiti mai suna innodb_force_recovery, mai matakai shida, kuma maƙasudinsa ba gyara ba ne sam. Rangwame ne da ake roƙon injin ya yi, ya kau da kai daga wasu sharuɗɗansa na ɗan lokaci, gwargwadon yadda za a samu a kwashe kaya a fita. A mataki na 1 yakan tsallake shafin da ya lalace ya ci gaba. A na 2 yakan dakatar da ayyukan share-share da yake yi a bayan fage. A na 3 ba ya warware ayyukan da aka bari ba a gama ba. Har zuwa nan, bisa ga bayanin masu manhajar kansu, haɗarin kaɗan ne. Daga mataki na 4 zuwa sama sun yi gargaɗi cewa fayilolin na iya lalacewa har abada: a na 5 injin yakan ɗauki aikin da aka fara ba a gama ba tamkar an gama shi, a na 6 kuwa ba ya ko duba daftarin niyya. Ladabin aikin shi ne a fara daga 1, a ƙara ɗaya-ɗaya, a tsaya a mataki na farko da rumbun ya buɗe, kuma kada a bar ma'aikata su koma aiki a kansa ko da ya yi kama da mai lafiya. Idan jadawali guda yana kayar da manhajar a duk lokacin da aka kai wani wuri a cikinsa, akwai dabara mai kyau: a kwashe layukansa daga farko har zuwa inda ya tsaya, sa'an nan a juya a kwaso daga ƙarshe ana dawowa baya, ta yadda abin da za a rasa shi ne abin da ke tsakanin iyakokin biyu kaɗai, kuma a san lambobinsa.

Wannan sanin lambobi shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin manhajojin gyara, a kowane irin rumbu, abin da suke nema shi ne tsarin fayil ya daidaita, kuma hanya mafi kusa zuwa ga daidaito ita ce a yanke abin da ya ƙi daidaituwa a yar. Kamfanin Microsoft bai ɓoye wannan ba, domin umarnin gyara mafi ƙarfi na DBCC CHECKDB a SQL Server sharaɗinsa shi ne mai ba da umarnin ya yarda a yi hasarar bayanai, kuma littafin manhajar ya fifita komawa ga kwafin ajiya a kansa. Manhaja ba ta san cewa shafin da ta cire yana ɗauke da rasiɗin kuɗin makarantar ɗalibai arba'in ba, ko sunan maganin da jikin wani majiyyaci ba ya ɗauka. Saboda haka hukuncin a yi irin wannan gyara ba na injiniya ba ne shi kaɗai. Haƙƙin mai bayanan ne a faɗa masa abin da za a iya rasawa, ya yarda ko ya ƙi, kuma bayan an gama a zaunar da akawu da ma'aikacin rajista su gwada jimillar da ke cikin rumbun da wadda ke takarda. Rahoton da ya ce an gyara, bai faɗi abin da aka rasa ba, rahoto ne naƙasasshe.

Akwai wata illa da ta fi waɗannan ɓuya, domin a cikinta rumbun yana buɗuwa sarai. A watan Agusta na 2018 aka fitar da zubi na 2.28 na glibc, wani ginshiƙi na manhajar Linux wanda, daga cikin ayyukansa, shi ke hukunta wace kalma ke gaba da wacce idan ana jera rubutu. Wannan zubi ya sauya ƙa'idar jerin, musamman game da alamomin rubutu, har ya zama 11 da ke gaba da 1-1 a da ya koma bayansa. Rumbun PostgreSQL yana dogara da wannan jeri wajen gina fihirisar rubutu, saboda haka waɗanda suka ɗaga sabarsu daga Debian 9 zuwa 10, ko daga Red Hat 7 zuwa 8, suka riƙe fayilolinsu na da, sun wayi gari da fihirisar da aka jera bisa tsohuwar ƙa'ida ana bincikenta da sabuwa. A nemi suna a ce babu alhali yana nan, ko a shigar da mutum ɗaya sau biyu a inda aka haramta maimaici. Sunayenmu masu ɗauke da waƙafin sama da karan ɗori, irin su Sa'adu da Ɗan-Asabe, suna cikin irin rubutun da canji kamar wannan ke iya taɓawa. Maganin shi ne a sake gina fihirisar da umarnin REINDEX kafin a buɗe wa jama'a, kuma daga zubi na 15 PostgreSQL yakan yi gargaɗi idan ya ga ƙa'idar jeri ta sauya a ƙarƙashinsa.

Duk wannan wahala tana gushewa idan akwai kwafin ajiya mai aiki, kuma a kan kalmar mai aiki ne wani al'amari sananne ya faru. A ranar 31 ga Janairu na 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, yana fama da matsalar rumbu cikin dare, ya goge jakar bayanai a kan babbar saba yana zaton ta biyu ce, kuma kafin ya tsayar da umarnin, daga kusan gigabayit 300 abin da ya rage bai kai 5 ba. Da suka juya ga kwafin da ake ɗauka kullum, sai suka tarar da ma'ajiyar wayam, domin manhajar ɗaukar kwafin ta zubi na 9.2 ce, rumbun kuwa yana kan zubi na 9.6, saboda haka ta daɗe tana faɗuwa, saƙonnin da take aikawa na sanar da faɗuwar kuma ba su isa ga kowa. Abin da ya cece su wani hoto ne na faifan da aka ɗauka da hannu kimanin sa'o'i shida kafin nan don wata bukata dabam, suka shafe wajen sa'o'i 18 suna mayar da shi, suna nuna aikin kai tsaye a YouTube, kuma abin da aka rubuta a sa'o'i shidan nan, ciki har da sababbin asusu kimanin 700, ya tafi. Sun cancanci yabo bisa yadda suka bayyana komai ba tare da rufa-rufa ba, kuma daga bayaninsu ne aka ga cewa saɓanin zubi yana iya kashe kwafin ajiya shiru, tun kafin ranar da za a bukace shi.

Saboda haka ofishin da ke shirin sabunta sabarsa ya fara ɗaukar kwafi, ya mayar da shi a kan wata kwamfuta, ya buɗe, ya ƙidaya layukan manyan jadawalai ya ga sun yi daidai da na asali, sa'an nan ya gwada sabuntawar gaba ɗaya a kan wannan kwafi, ya rubuta tsawon lokacin da ta ci. Ya ajiye manhajar tsohon zubin a gefe, domin bayan shekaru samunta na iya yin wuya. A daren aikin kuma, kafin a taɓa komai, a duba man janareta da batirin da ke riƙe sabar, a tabbatar za su kai ninki biyu na lokacin da gwajin ya nuna, domin wutar da ta yanke ana tsakiyar juya fayiloli na iya barin su a halin da tsohon zubi ya daina gane su, sabon kuma bai gama karɓarsu ba.